Kwamfutar Aro da Saƙon Baba

Tun da na dawo daga ƙasar Damagaram ban sami sakat ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wajen mai shayi a tare ni, har malaman makarantar da nake koyarwa sun mai da ni rediyo: "Malam Sabi'u, yaya Nijar? Da gaske burodinsu ya kai kamu guda?" Ni kuwa sai in ce Nijar tana gaishe ku, in kama gabana. Wasu sun ɗauka rowar labari ce. Ba rowa ba ce, kunya ce. Yau dai na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda, in huta da maimaita abin da ba ya yi mini daɗin faɗa.

Sai na fara da kwamfutar, don da ita labarin ya fara. Shekara shida ke nan ina da wata 'yar ƙaramar laftof da na saya ta hannu, ba ta kai rajistar aji faɗi ba. Ƙwaƙwalwarta giga biyu ce kacal, wato a cikin kwamfutoci ita ce 'yar talakawa. Farkon zuwanta, in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba. Na kai wa Isyaku mai gyara a Dambatta, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, kaya ne aka ɗora mata da suka fi ƙarfinta. Ya sauke manhajar da ta zo da ita, ya sa mata wata ta kyauta mai suna Linuks. Ya ce mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna gyara ta, kowa yana iya leƙa cikinta, kuma ba sa yar da tsofaffin na'urori irin tawa. Tun daga ranar ta warware. Da ita nake buga jarrabawar yara, da ita nake rubuta wa mutanen ƙauyenmu takardar neman taki, caji ɗaya ya kai ni daga hantsi har la'asar. Aibinta ɗaya, muni. Murfin ya tsage na manne da salatif, haruffa uku sun goge, abokaina suka sa mata suna Faranti.

Bara bayan kaka Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Yana da yaya mace, Gwaggo Hansatu, wadda aka kai aure wani ƙauye gaba da Matamai tun kafin a haife ni. Kowa a gidanmu ya san akwai tsama a tsakaninsu a kan gonar fadama ta mahaifiyarsu, wadda Baba ya sayar wata shekarar yunwa bai shawarce ta ba. A ƙasarmu ta Makoda, inda gona take gogar gona, ko wurin ɗaure akuya sai da mai shi, irin wannan ba ya mantuwa. Sama da shekara talatin ba ta tako mu ba.

Wata hantsi Baba ya ce in kawo na'urar nan da take ɗaukar murya. Na kawo Faranti, na ajiye kusa da bakinsa.

Ya ce, "Ka kunna, ka fita, ka saki asabari. In na kira ka, ka zo ka kashe. Wannan na Hansatu ne, kunnenta kaɗai. Ba kai ba, ba uwarka ba. Kuma kada ka sa shi a waya ya zaga duniya. Da ƙafarka za ka kai mata."

Na ce, "To, Baba."

"Ka ce wallahi."

Na ce. Na fita na zauna can gindin darbejiya inda ko tarinsa ba na ji. Da ya kira na shigo, na ga an ɗauki minti goma sha ɗaya. Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinsa. Gwaggo ba ta zo ta'aziyya ba, don idanunta sun riga sun rufe. Babban ɗanta, Yaya Mamman, shi ya zo ya kwana biyu ya koma. Ni ma ban sami sararin tafiya ba sai hutun bazara.

Ana jibi zan tashi na je Ungogo in yi sallama da yayan matata, Alhaji Mansur, wanda yake aiki a wani ofis a birni. Faranti tana cikin jakata. Da ya gan ta sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Da wannan za ka shiga ƙasar mutane? Dangin da ba su taɓa ganinka ba su ce malamin makarantar Najeriya da murfin kwano yake yawo? Haba Malam, ka rufa mana asiri."

Kun dai san halinmu. Ba a zuwa garin dangi da kayan zaman gida. Wanda ba shi da babbar riga ya ara, wanda ba shi da agogo ya ara, ko da agogon ba ya tafiya. Ni kaina rigar da na tanada ta maƙwabcina ce. Don haka da Alhaji Mansur ya shiga ɗaki ya fito da laftof ɗin ofishinsu, babba, fara sol, tana ɗaukar ido, ban ji wani abu ya tsaya mini a rai ba. Na buɗe tawa, na ga fayil ɗin da na sa wa suna "Gwaggo", muka ɗauke shi da filas, ɗan abin kwafar fayil, muka zuba a tasa. Sunan ya fito a fuskarta ɓaro-ɓaro.

Ya ce, "Mu kunna mu gwada mana."

Na ce, "A'a. Na yi rantsuwa ba mai ji sai ita."

Har na ji daɗin kaina a lokacin, wai ni mai riƙon amana. Da na koma gida na cusa Faranti a akwati ƙarƙashin zannuwan matata. Matar tawa, Asma'u, tana kallona ta ce, "Ka tafi da duka biyun mana. Nauyin me gare ta?" Na ce kada a kan iyaka a ce fataucin kwamfuta nake yi. Wannan hujjar baki ce. Gaskiyar ita ce ba na so a gan ni da ita, girman kai kuwa rawanin tsiya.

Ranar tafiya da sassafe acaɓa ya kai ni Dambatta, na shiga motar Daura. Mu huɗu a kujerar mutum uku, kusa da ni wata dattijuwa da kowa a motar yake kira Hajiya mai barkono, don buhu shida ta ɗora, biyu a but, sauran a sama. Tun kafin Kazaure duk motar atishawa take, direba yana yi, kwandasta yana yi, ita kuwa ko a jikinta. Jakar kwamfuta tana kan cinyata kamar jariri, ga nauyi ga zafi. Kwandasta ya ce in kawo a sa a baya, na ce ko kusa, ba ka san abin da ke ciki ba. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

A tashar Daura na ci shinkafa da wake da mai da yaji a tsaye, muka canja mota zuwa kan iyaka. Hajiya mai barkono ma can ta nufa, ta sake zama maƙwabciyata. Ita ta koya mini cewa daga mun tsallaka kada in ce acaɓa, in ce kabu-kabu, makaranta kuma lakwal ce, malaminta mushe.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'in da ya duba jakata mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ce in kunna na'urar ya ga tawa ce. Na kunna da yanga. Sai ga hoton Alhaji Mansur ya cika fuskarta, da hularsa da tumbinsa da sunansa.

"Kai ne wannan?"

"A'a, surukina ne."

Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Lalle shi ya fi ka cin abinci."

Sai da na kira Alhaji Mansur a waya ya yi bayani, kafin aka ce in rufe in tafi. To a nan kwamfutar ta nuna mini halinta. Na danna kashewa, sai ta rubuto cewa kada a kashe ta, tana sabunta kanta. Wani ɗan zobe ya shiga juyawa. Jami'in ya ce in na rufe ta a haka za ta iya lalacewa, ni kuwa kayan mutane ne. Na zauna a benci da ita a cinya, fasinja takwas suna tsaye a rana suna jirana. Direba ya yi ham, ya sake yi. Hajiya mai barkono ta zo ta leƙa ta ce, "Ɗan nan, wannan kwamfuta ce ko amarya? Sai ta gama kwalliya za mu tafi?" Aka kwashe da dariya har da jami'in. Kusan minti arba'in muka yi, kuma kafin ta gama ta cinye fiye da rabin cajinta. Faranti ba ta taɓa yi mini haka ba. Ita sai in na ce ta sabunta take yi.

Daga tsallakawa abin da na fara lura da shi fili ne. A wajenmu kafin ka fita daga ƙauye ka hango rumbunan na gaba, a can kuwa sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga gida ba. Na riƙa cewa a raina, da wannan ƙasar a Makoda take, da Baba da Gwaggo ba su ɓata ba. Kuɗinsu ma ya ruɗa ni, na miƙa wa mai ruwan sanyi abin da ya sa ya bi ni da gudu ya mayar mini da canji, yana cewa, "Ɗan Najeriya, a hankali."

Mun shiga Matamai da la'asar sakaliya. Yaya Mamman ya riga ya shirya mini masauki a gidan abokinsa, wani tela mai suna Malam Lawali. A nan na ga burodin da kuke ta tambaya. E, dogo ne, ya kusa kamu, amma bayansa yana da tauri, sai da ya kankare mini dasashi. Aka kawo dambun zogale da ƙuli-ƙuli, na ci na ƙoshi. Sannan aka ɗora shayi a ɗan mangal na gawayi, aka miƙo mini a kofin da bai fi murfin kwalba ba. Na kurɓe shi tashi ɗaya, ɗaci ya kama ni har kunne, na yi godiya na miƙe. Malam Lawali ya kamo rigata.

"Ina zuwa? Na fari ke nan. Mu nan uku ake sha. Wanda ya sha ɗaya ya tashi, ko fushi yake ko ɗan Kano ne."

Na koma na zauna. Na biyu ya fi sauƙi, na uku kuwa zaƙi zalla. Tsakanin kofi da kofi sai a yi rabin awa ana hira, ba mai duba agogo, ni kaɗai nake duba nawa.

Na ce a taimake ni da wuta in yi caji. Akwai wuta, amma ramin soket ɗinsu biyu ne zagayayyu, filogin kwamfutar Alhaji kuwa ƙafa uku ne masu faɗi. Muka juya shi ta ko'ina, ya ƙi. Na tuna cajar Faranti ƙafa biyu ce siriri, da ta shige kamar don nan aka yi ta. Malam Lawali ya ce da safe a nemi abin haɗawa a kasuwa. Da safen mun samu, amma an ɗauke wuta, kuma Yaya Mamman ya iso da babur yana cewa Gwaggo tun asuba take tambaya ko na iso.

Tafiyar awa guda ce cikin yashi, sau biyu muna sauka muna tura babur. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙarama, ba ta kai yadda nake zana ta a raina ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta tsaya a hanci.

Ta ce, "Hancin Habu. Ko a kasuwa na taɓa shi na san namu ne."

Habu shi ne Baba. Ban taɓa jin an kira shi da sunansa haka gatsau ba, sai na ji idona ya cika. Aka kawo fura a ƙwarya, tasu mai ruwa-ruwa ce, nono ya fi gero yawa, kuma sha ake yi ana ƙarawa, ba a tambayarka ko ka ƙoshi. Ta tambayi mutanen Makoda ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabinsu sun rasu. Ta tambayi tsamiyar bakin rijiya, na ce an sare. Ba ta tambayi abin da ya kawo ni ba, don a can ma kamar nan, ba a tambayar baƙo sai ya huta.

Bayan la'asar na gaya mata. Na ce Baba ya bar mata magana da muryarsa, kuma ya rantsar da ni ba mai ji sai ita. Ta ce wa surukarta a share ɗaki a shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta sa aka ɗauko mata wani zane daga ƙasan kwalla, ta canja, ta yafa mayafi, ta shafa turare. Ta kori kowa har awaki. Wannan shirin nata, na karɓar baƙon da aka daɗe ana jira, shi ne abin da har yau in na tuna nake rasa inda zan sa kaina.

Na ajiye kwamfutar a gabanta, niyyata in danna in fita da sauri. Na danna fayil ɗin. Ta rubuto cewa ba ta san irin wannan fayil ba. Na sake dannawa. Ta ce in nemo manhajar da za ta buɗe shi a intanet, a garin da ko kiran waya sai an hau tudun bayan gari. Gumi ya jiƙa rigar maƙwabcina. Gwaggo ta karkato kunne wajen na'urar.

"Ya fara ne? Ko kunnena ne?"

"A'a, Gwaggo, saura kaɗan."

Sau uku tana tambaya, sau uku ina cewa saura kaɗan. Ana cikin haka fuskar kwamfutar ta yi baƙi, caji ya ƙare. Na ce mata sai gobe, na'urar ce take jin yunwa. Ta ce ba komai, Allah ya kai mu. Ta cire mayafin ta ninke shi da kanta.

Washegari Yaya Mamman ya kai ni lakwal ɗin garin wajen malaminsu, Mushe Idi, wanda aka ce shi ne ya san kan na'ura. Aji biyu ne na ƙasa da rumfar zana ɗaya. Da na shiga ofishinsa sai na yi turus. A kan tebur ga laftof biyar, ƙanana, kowace ta fi Faranti muni. Ɗaya an ɗaure ta da robar taya, ɗaya ba ta da harafi huɗu. Ya kunna ɗaya, ta farka nan take, kuma fuskar da ta nuno irin ta tawa ce sak, sai dai da Faransanci, haruffan madannin ma a juye suke. Ya ce tsofaffi ne da wasu suka zubar, ya tattaro ya sa musu manhajar kyauta. Falle ɗaya na sola yake ciyar da su duka. Yara suna koyon karatu da su, malamar asibitin garin ma da irinta take aiki. Yana nuna mini su yana murna kamar mai nuna shanunsa, babu alamar kunya a fuskarsa.

Muka jona ta Alhaji Mansur. Ita kaɗai ta shanye wutar da biyar ɗin suke rabawa, har ya zama ranar ba a yi darasin kwamfuta ba saboda baƙo. Da ta farfaɗo, Mushe Idi ya ɗauke fayil ɗin da filas ɗinsa ya sa a tasa. Na roƙe shi ya kashe sautin tukuna, na gaya masa dalili, ya ce wannan daidai ne. Zuciyata ta yi sanyi da na ga manhajar ɗaukar murya irin tawa ta buɗe. Na ce alhamdu lillahi, yau Gwaggo za ta ji.

Amma layin da ya kamata ya nuna murya a miƙe yake, babu komai. Mushe Idi ya matso da fuskarsa, ya duba nauyin fayil ɗin, ya koma ya jingina.

Ya ce, "Malam, murfi ka kawo. Ina tukunyar?"

Ban gane ba, ya yi mini bayani. Ita wannan manhajar, in ta ɗauki murya, tana zuba ta ne a wata folda a gefe, shi kuwa fayil ɗin da ke ɗauke da sunan, jagora ne kawai da yake nuna mata inda muryar take. A kan na'urar da aka yi ɗaukar, dannawa ɗaya ya isa, don suna tare. Ni kuwa na ɗauko jagoran na bar muryar.

"Ina na'urar da aka ɗauka da ita?"

"Tana gida."

"Ta lalace?"

"A'a."

"Nauyi gare ta?"

"A'a."

Ya dubi farar kwamfutar da ta cika masa tebur, ya dube ni da babbar rigata. Ya juya ya hau hura gawayin shayi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. An ce kayan aro ba ya rufe katara, ni nawa ma tona ni ya yi.

Na koma wajen Gwaggo, na zauna a bakin tabarma, na ce mata muryar tana Makoda. Na ce akwai dabara: in hau tudu in kira Asma'u, ta kunna waccan na'urar ta kara a waya, a kawo wa Gwaggo ta ji.

Ta ce, "Matarka ta ji abin da ke tsakanina da Habu kafin ni? Shi haka ya ce maka?"

"A'a. Cewa ya yi kada a sa a waya."

"To."

Na ce, "Gwaggo, ai ko ban ji ba na san abin da ke ciki. Yafiya yake nema. Ki yafe masa, don Allah."

"Ka ji da kunnenka?"

"Ban ji ba."

"To yaya aka yi ka sani? Ni na goyi Habu. Yaron da ko tuwo ya kifar ba ya cewa a yi haƙuri, sai dai ya ɓata rai a ba shi haƙuri. In ya faɗa, ina so in ji yadda ya faɗa. Wataƙila ma faɗa ya yi mini, ka sani? In kai ne kake ara masa baki, Allah ya yi maka albarka, ɗa nagari ke nan. Amma ba zan amsa maganar da ban ji ba."

Can ta ce, "Ita waccan ɗin, me ya hana ka zuwa da ita?"

Na so in sake kawo zancen kan iyaka, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Tsohuwa ce, Gwaggo. Ta tsage, ba ta da kyan gani. Na ji kunya a gan ni da ita."

Ta yi dariya, 'yar gajeriya, ba ta mugunta ba.

"Ikon Allah. Ka ji kunyar makauniya?"

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na sunkuyar da kai ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri, tana cewa ai halin gidan ne, ba ni na fara ba.

Kwana uku na yi. Ranar tafiya Gwaggo ta haɗa mini kuka da busasshiyar kuɓewa da wani ɗan ƙullin cuku, ta rako ni har bakin zaure tana dafe da bango. Na ce mata mako biyu, in sha Allahu, zan dawo da ita kanta na'urar. Ta ce, "Ka je ka kawo. Ina nan, ina zan je?"

Dawowa ba ta da labari. Ba wanda ya ce in kunna komai a kan iyaka. Na biya Ungogo na mayar wa Alhaji Mansur kayansa, ya tambaye ni ko an yaba, na ce an yaba. Ina shiga gida na zaro Faranti daga ƙarƙashin zannuwa. Kwana shida ba a taɓa ta ba, amma ta farka kafin in gyara zama, da sauran cajinta. Ga fayil ɗin, ga foldar a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Na kashe sauti na buɗe, layin murya ya fito, tudu da kwari, minti goma sha ɗaya cif. Har wuraren da Baba ya yi shiru ana gani, wani shirun mai tsawo ne ƙwarai.

Da na juya washegari, da wannan takarda ba ta da amfani. Amma an koma makaranta, na ce sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako kuma ruwan shuka ya sauka, kun kuwa san ranar da ƙasa ta jiƙa ba namijin da yake barin Makoda. Wanda ya makara da kwana biyu ya makara da shekara. Na ce in na gama shuka. Aka gama shuka, aka yi 'yar tsayawar ruwa, muka sake shuka wani gefen. Sai noman fari ya taso, ciyawa ba ta jiran kowa. Kullum da dalilina, kuma kowane dalili na gaskiya ne. Mako biyu ya zama shida.

Wata safiya ina gona da fartanya a hannu waya ta yi ƙara, lambar Nijar. Yaya Mamman ne, daga kan tudu, iska tana yanke maganarsa. Ya ce Gwaggo ta cika jiya da azahar, zazzaɓin kwana uku, an riga an kai ta. Na yi salati, na zauna a kan kunya. Na kasa tambayar abin da nake son tambaya, shi ya faɗa da kansa.

Ya ce duk ranar kasuwa, in ta ji ƙarar babur, sai ta sa a leƙa ko ni ne. A daren ƙarshe da hankalinta, ta ba shi saƙo gare ni.

"Ta ce a gaya wa Sabi'u kada ya sa abin a ransa, ƙafarsa ta isar, ta yafe masa. Na Habu kuwa, ta ce a bar shi, ta kusa ji daga bakinsa."